Matafiyi Da Namun Dajin Ostareliya

A birnin Sidni, cikin ƙasar Ostareliya, akwai wani babban gidan namun daji da ake kira Taronga. An buɗe shi a shekarar 1916, a kan wani tudu da ke bakin ruwa. Mai son zuwa can daga tsakiyar birni ya kan shiga jirgin fito, kafin minti 15 ya sauka a gindin tudun. In ya hau sama zai tarar mutane sun yi cincirindo a wurin raƙuman dawa, domin daga nan a kan ga dogayen wuyoyinsu, ga kuma ruwa da manyan benayen birni a bayansu. Kowa sai ɗaukar hoto yake yi.

Mutanen Sidni suna da hujja in sun yi haka, gama babu raƙumin dawa a dajinsu, babu zaki, babu jakin dawa. Duk waɗannan asalinsu daga Afirka ne. Amma mutumin da ya taso daga Kano ko Yamai, ya wuni ya kwana cikin jirgin sama, ya kashe kuɗi mai yawa, sa'an nan ya ƙarar da yininsa gaban raƙumin dawa, ya yi kamar wanda ya je baƙunci nesa, aka jera masa abincin garin iri iri, ya ce shi sai tuwon dawa da miyar kuka. In raƙumin dawa yake so, ai ga su can a Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, suna yawo sake tsakanin gonaki. In kuwa giwa ce, ga dajin Yankari a ƙasar Bauci.

Abin da ya kamata matafiyi ya fara nema a kowace ƙasa shi ne namun dajin da ke 'yan asalin ƙasar, waɗanda in ya koma gida ba zai ƙara ganinsu ba. Ya kamata kuma ya zaɓi inda zai je ya gan su, domin ba kowane gidan dabbobi ne ya cancanci a ba shi kuɗi ba. Babu ƙasar da ta fi Ostareliya nuna gaskiyar wannan magana.

Ostareliya ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, ta yi girman Nijeriya har sau 8, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba. Teku ya kewaye ta ta kowane gefe. Masana sun ce ta rabu da sauran ƙasashe tun shekaru miliyoyi da suka wuce, saboda haka dabbobinta suka zauna su kaɗai, suka zama dabam da na ko'ina. Da yawa daga cikinsu ba su goyon 'ya'yansu yadda aka saba gani. Macen tana da wata jaka ta fata a cikinta, a nan ɗanta ke zama yana shan nono har ya yi ƙwari.

Wanda ya fi suna cikin masu jakan nan shi ne kangaru. Sunan ma daga bakin mutanen ƙasar na asali aka samo shi, waɗanda ke zaune can dubban shekaru kafin zuwan Turawa. Matuƙan jirgin ruwa na Ingila suka ji shi a shekarar 1770, suka rubuta. Babban namijin jan kangaru ya kan kai tsawon mutum in ya miƙe, nauyinsa kuwa ya kan kai kilo 90. Ƙafafunsa na gaba gajeru ne, na baya dogaye masu ƙarfi, ga wutsiya mai kauri da yake dogarawa a kanta. Ba ya gudu irin na barewa, sai tsalle, tsalle guda kuwa ya kan kai mita 8. Abin mamaki shi ne, wannan ƙato ranar da aka haife shi bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Uwar ta kan yi ciki kwana 33 kacal. Ɗan ya fito ba ido, ba gashi, ya kama gashin cikinta yana rarrafe shi kaɗai har ya faɗa jaka, ya kama nono. Sai ya yi wajen wata 8 kafin ya bar jakar ɗungum. Yaro ya iya karanta wannan a littafi sau goma, amma ranar da ya ga kan ɗan kangaru ya leƙo daga cikin uwarsa, ya dube shi, ya koma, ranar ce zai san gani ya kori ji.

Akwai kuma kowala, wata 'yar dabba mai toka-tokan gashi da manyan kunnuwa, wadda ke zaune a kan itace. Ita ma mai jaka ce. Ba ta cin kome sai ganyen itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti. Itacen nan da ake gani an shuka a bakin hanyoyi da makarantu a ƙasar Hausa, asalinsa daga Ostareliya aka kawo irinsa. A can akwai irinsa fiye da 700, amma kaɗan ne daga ciki kowala ke ci. Ganyen ba shi da maiƙo, yana da wuyar narkewa, har da guba a cikinsa wadda za ta cuci yawancin dabbobi. Don haka kowala ba ta da ƙarfin da za ta ɓarnatar. Ta kan yi barci awa 18 zuwa 20 a kwana guda, a naɗe cikin gwafar itace. Wanda bai sani ba sai ya ce raguwa ce. A riƙe wannan maganar barci, za a komo kanta.

Amma duk cikinsu babu mai ban mamaki kamar falatifus, watau mai-bakin-agwagwa. Yana da baki mai faɗi kamar na agwagwa, da fata tsakanin yatsunsa, da gashi mai laushi, da wutsiya shimfiɗaɗɗiya. Macen ƙwai take yi kamar kaza, in ta ƙyanƙyashe kuma ta shayar da 'ya'yanta nono. Namijin yana da wata ƙaya mai dafi a ƙafar baya. In ya nutsa cikin rafi neman tsutsotsi, ya kan rufe ido da kunne da hanci duka, bakinsa ne ke jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin abin da yake farauta. Sa'ad da aka kai fatarsa Ingila, wani masani mai suna George Shaw ya duba ta a shekarar 1799, ya yi zaton wani mai wayo ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba don ya ruɗi mutane. Har ya sa almakashi yana neman ɗinkin, bai samu ba. Maganar ƙwai kuwa, sai a 1884 Turawa suka tabbatar da ita, ko da yake mutanen ƙasar na asali sun daɗe da sani. Yau siffarsa tana kan kuɗin ƙasar, a jikin kwabbai na santi 20.

To, wani zai ce, me ya sa matafiyi ba zai shiga daji ya ga dabbobin nan a gidansu ba? Lalle wannan ya fi, in ya samu. Kangaru ba shi da wuyar gani, gama a shekarun da ruwa ya yi kyau yawansa ya kan fi yawan mutanen ƙasar, da magariba a kan gan su suna kiwo a bakin hanya. Amma yawancin sauran da dare suke fita. Kowala ta kan lafe can ƙololuwar itace, launinta ya saje da reshe. Mai-bakin-agwagwa kuwa a rami yake wuni a gaɓar rafi, sai da asuba ko da almuru ya fito, in ya ji motsi kaɗan ya nutse. Akwai mutanen da aka haifa a ƙasar, suka tsufa, ba su taɓa ganinsa a rafi ba. Baƙo fa raɓa ne, kwanakinsa ƙidayayyu. In bai je inda ake kiwonsu ba, sai ya koma gida da labarin benaye da motoci, waɗanda akwai irinsu ko'ina.

Akwai wata magana wadda ta fi wannan nauyi. Waɗansu sun ce gidan namun daji kurkuku ne, dabbar da ke ciki kuwa ba ta yi laifin kome ba. Sun ce duk wanda ya biya kuɗi ya shiga, ya taimaka wajen ɗaure ta. Wannan magana ba abar yarwa ba ce. Kowane yaro da ya taɓa ganin masu wasa da kura a kasuwa ya ga takunkumi a bakinta da sarƙa a wuyanta, ya san ba don jin daɗinta ake yawo da ita ba. Gidajen namun daji na dā da yawa ba su fi haka ba. A kan sa dabba cikin keji na ƙarfe da daɓen siminti, ba inuwa, ba maɓoya, ta yi ta kai da kawowa daga wannan kusurwa zuwa waccan har tafin ƙafarta ya lashe. Har yau akwai irinsu a ƙasashe da dama.

Ostareliya kanta tana da labari mai ɗaci game da wannan. A kudancinta akwai wani tsibiri da ake kira Tasmaniya. Dā akwai wata dabba a can mai kama da kare, da ratsi-ratsi baƙaƙe a gadon bayanta, ita ma mai jaka. Turawa suka sa mata suna damisar Tasmaniya. Da suka kawo tumaki tsibirin, suka ce ita ke cinye musu dabbobi. Daga 1888 zuwa 1909 gwamnatin tsibirin ta riƙa biyan fam guda ga duk wanda ya kashe babba, har aka biya ladan kashe fiye da 2,000. Waɗanda aka kama da rai aka rarraba su gidajen namun daji, har Landan da Amurka, mutane suna kallo suna wucewa. Ba wanda ya dage ya tara su don su hayayyafa. Sai a watan Yuli na 1936 aka yi dokar hana kashe su. Bayan kwana 59, ran 7 ga Satumba, ta ƙarshe da aka sani ta mutu cikin keji a birnin Hobat. Tun daga ranar ba a sake kama ko guda ba. Abin da ya rage sai fatu da ƙasusuwa, da 'yan gajerun hotunan majigi, inda a kan ga guda tana zagaye keji tana hamma. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yanzu kowace shekara, ran 7 ga Satumba, mutanen Ostareliya su kan tuna da dabbobinsu da ke bakin ƙarewa.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun da Turawa suka fara zama a ƙasar a 1788, irin dabbobi masu shayarwa fiye da 30 sun ƙare ƙaƙaf. An sare dazuzzuka don noma da kiwo. An kawo kyanwoyi da yanyawar Turai, suka shiga daji suka yi ta cinye ƙananan dabbobin da ba su san su ba, balle su san yadda za su tsere musu. Kowala ma ta kusa bin sahu saboda fatarta. A watan Agusta na 1927 kaɗai, a jihar Kwinsland, mafarauta sun kashe wajen 600,000.

Duk da haka, kuskure ne a yi wa gidajen dabbobi kuɗin goro. A wannan shekara ta 1927, kusa da birnin Birisben, aka buɗe wata mafaka mai suna Lone Pine da kowala biyu tak. Yau tana da fiye da 100. A 1934 kuma aka buɗe wata a Healesville, wajen kilomita 65 daga birnin Melbon. Wannan ba ta ajiye zaki ko giwa, sai dabbobin ƙasar zalla, cikin daji mai itatuwa da rafi na gudana ta tsakiya. A nan ne wani mai suna David Fleay ya yi ta fama, yana haƙa wa mai-bakin-agwagwa ramuka irin nasa, yana tara masa tsutsotsi, har a 1943 aka sami wadda ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a hannun mutane. Wannan shi ne karo na farko a duniya. Don a san wuyar abin, ba a sake samun haka ba sai a 1998, bayan shekara 55. A Healesville akwai kuma asibitin namun daji, inda a kan kawo waɗanda mota ta buge ko kare ya ciza, fiye da dubu a shekara. Baƙi su kan tsaya bayan gilashi su ga likitoci suna aiki. Wadda ta warke, in za ta iya riƙe kanta, a kan mai da ita dajin da aka tsince ta.

Amfanin irin waɗannan wurare ya fito fili a kan wata dabba ta Tasmaniya, 'yar'uwar damisar nan da ta ƙare. Baƙa ce, kamar ɗan ƙaramin kare, mai ƙarfin muƙamuƙi. Saboda mugun kukanta da dare Turawa suka kira ta shaiɗanin Tasmaniya. A 1996 aka fara ganin wani mugun ƙari yana fito musu a fuska, suna ɗauka daga juna wajen cizo, har ya hana su cin abinci su mutu. Cikin 'yan shekaru yawancinsu suka hallaka a wurare da dama. Wannan karo ba a tsaya kallo ba. Aka ɗebi masu lafiya aka rarraba gidajen dabbobi, Healesville da Taronga na ciki, aka kiwata su suka hayayyafa. A 2012 aka saki waɗansu a wani ƙaramin tsibiri inda cutar ba ta kai ba. Da an yi wa damisar Tasmaniya rabin wannan hidima, watakila da yau yara suna ganinta da idonsu.

Haka kuma da babbar gobarar daji ta tashi a ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, lokacin da ake tsananin zafi a can, masana sun ƙiyasta dabbobi kusan biliyan 3 ne suka mutu ko suka rasa mazauni. Kowala ba ta cika iya tsere wa gobara ba, in ta ji wuta sama take ƙara hawa. Waɗanda aka tsamo da ƙonannun tafuka, asibitocin dabbobi aka kai su, irin na garin Port Macquarie wanda aka kafa tun 1973 don kowala kaɗai. A watan Fabrairu na 2022 gwamnati ta sa kowalar yawancin gabashin ƙasar cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Magani da ganye da albashin masu kiwo duk kuɗi ne, wani kashi nasa kuwa daga aljihun masu zuwa kallo yake fitowa. Ashe kuɗin ƙofa da matafiyi ke biya ba ƙaramin abu ba ne. In ya kai shi gidan kirki ya ciyar da majinyata, in ya kai shi gidan banza ya sayi sabuwar sarƙa.

Gane bambancin ba shi da wuya, ko yaro ya iya. Ya duba ko dabba tana da inuwa da ruwa mai tsabta, da wurin da za ta shige ta ɓuya in ta gaji da idanun mutane. Gidan da kowace dabba ke tsaye a fili daga safe har yamma, don kada mai kallo ya ce bai ga kome ba, an gina shi don mai kallo ne. Ya kuma tambayi mai kiwo daga ina aka samo ta, da abin da za a yi da ita nan gaba. A gidan kirki mai kiwo ya kan ji daɗin tambaya, ya ba da amsa har a gaji.

Saura laifin da ke wuyan matafiyi shi kansa, gama sau da yawa abin da baƙi ke so shi masu gida ke sayarwa. Baƙi da yawa ba su gamsuwa da kallo, sai sun taɓa, sai sun rungume, sai an ɗauke su hoto. Kowala ce ta fi shan wannan wahala, don tana da kyaun gani, ga ta ba ta da faɗa sosai. Amma an riga an faɗi yawan barcin da take bukata. A ce yaro yana cikin barcinsa da tsakar dare, a tashe shi, a miƙa shi hannun wani ƙato da bai sani ba, daga nan a miƙa wa wani, kowa yana dariya. Jihar da Sidni ke ciki da wadda Melbon ke ciki sun hana baƙi ɗaukar kowala. Lone Pine kuwa, wadda ta yi suna shekara da shekaru wajen ba mutane kowala su riƙe, sarakuna da shugabanni da mawaƙa duk sun riƙe a can, ta daina yin haka a watan Yuli na 2024. Yanzu sai dai baƙo ya tsaya kusa da itacenta tare da mai kiwo, ya dube ta tana tsinkar ganye tana shinshinawa kafin ta ci. Waɗansu baƙi sun yi gunaguni. Amma wanda ya rungume ta minti guda, hankalinsa yana wajen mai ɗaukar hoto, bai ga yadda yatsunta biyu na gaba ke fuskantar sauran uku don riƙon reshe ba. Wanda ya tsaya kallo ya gani.

Haka nan ba a jefa wa kangaru burodi ko alewa, ko da ya matso yana roƙo, domin su kan lalata masa baki su sa shi ciwo. Inda aka yarda a ba shi abinci, masu gidan su kan ba da irin wanda ya dace. Mutum ya durƙusa, ya buɗe tafin hannu, ya jira. In kangarun ya juya ya tafi inuwar da aka keɓe masa, ba a bin sa.

Ɗakin mai-bakin-agwagwa a Healesville da duhu-duhu yake, don dabbar ta zaci almuru ne ta fito. Ruwan yana bayan gilashi, da duwatsu da saiwoyin itace a ƙasansa. Mutane da yawa su kan shigo daga hasken rana, su leƙa, su ce babu kome, su wuce wajen sayen tsaraba. Wanda ya tsaya ya yi shiru har idonsa ya saba da duhun, galibi ba ya daɗewa sai ya ga kumfa ta taso daga wata kusurwa. Sa'an nan wani ɗan abu mai launin ƙasa, wanda tsawonsa bai wuce kamu guda ba, ya sulalo ƙasan ruwa, idanunsa a rufe, yana kaɗa faffaɗan bakinsa dama da hagu a kan tsakuwa. Ya yi kamar rabin minti, ya taso sama, ya shimfiɗa ƙafafu huɗu a kan ruwa yana tauna abin da ya tara a kumatu, sa'an nan ya sake nutsewa.